Allurar Ma'auni da Zafin Adar: Nazari kan Matsin Iskar CO2 a Cikin Tukunya

Tsakure

Maƙalar ta duba ƙa'idar da aka saba koya wa masu amfani da tukunyar iskar kabon dayoksaid (CO2), cewa allurar ma'auni ba ta motsi sai tukunya ta kusa ƙarewa. An ɗora ƙa'idar a kan yanayin Allakaye, cikin gundumar Buza a jihar Tawa, ƙasar Adar, aka ga tana rushewa da bazara.

Gabatarwa

Wannan ƙa'ida ta fi yawo tsakanin masu haɗa giya a gida a Turai da Amurka, waɗanda ke tura iskar cikin tulun ƙarfe. A Adar ba nan ne amfaninta ba. Iskar dai ita ce ke cikin lemon kwalba, da wasu tukwanen kashe gobara, da wani nau'in walda. Abin da ke faruwa a cikin ƙarfen ɗaya ne, kuma jahiltarsa na iya jawo rauni.

Ma'auni biyu

Regileta, na'urar da ke daidaita matsin iskar da ke fita daga tukunya, tana da fuska biyu. Ɗaya tana nuna matsin da ke fita. Ga abin sha mai sanyin digiri 4, yawanci bai wuce bar 1 ba. Dokar William Henry ta 1803 ce ke aiki a nan: gwargwadon matsi da sanyi, gwargwadon iskar da ruwa zai sha. Wannan ba ta da rikici.

Ɗayar, mai nuna matsin cikin tukunya, ita ce ke ruɗa mutane. A cikin tukunya CO2 ruwa ce a ƙasa, tururi a sama. Duk abin da aka zuƙa, ruwan yana tafasa ya maye gurbinsa, don haka allura zafi take karantawa. A digiri 20 za ta tsaya wajen bar 57, ko tukunya cike take ko saura rabi. A daren hunturu mai digiri 15 ta sauko kusan 51. A sa ta cikin firji, sai ta faɗo ƙasa da 40, mai ita ya ɗauka yoyo take yi alhali ko ɗigo bai fita ba.

Inda ƙa'idar ta tsaya

A 1869 Thomas Andrews, a Belfast, ya nuna cewa daga kusan digiri 31 zuwa sama CO2 ba ta zama ruwa komai matsin da aka yi mata. Matsin wannan iyaka kusan bar 74 ne. A ƙasashen sanyi ba kasafai ɗaki ke kai nan ba, shi ya sa littattafansu ke wuce batun da sauri. A Madawa, Buza da Keita kuwa, zafin rana a Afrilu da Mayu yana haura digiri 40, shagon da aka rufa da kwano ya fi haka. Ke nan tukunya na iya tsallake iyakar da hantsi, ta dawo da asuba.

Da ta tsallake, babu sauran rabuwar ruwa da tururi, matsi ya koma bin zafi da kuma yawan abin da ke ciki. Cikakkiyar tukunya a digiri 40 tana iya wuce bar 100, wadda ta yi rabi kuwa ta tsaya ƙasa da haka sosai. Mai walda zai ga allura ta hau da azahar, ta yi ta sauka yayin da yake aiki, da asuba ta kafe. A ganina haɗarin ya fi yawa ga tukunyar da aka cika fiye da kima: ba ta da sararin numfashi, matsi ya yi ta hawa har faifan kariya da ke jikin famfon ya fashe, iskar ta tsiyaye gaba ɗaya. A rufaffen ɗaki wannan ba wasa ba ne, domin CO2 ta fi iska nauyi, tana kwanciya daidai inda mutane ke shimfiɗa tabarma.

Gas ɗin girki, irin wanda matatar SORAZ ta Damagaram ke fitarwa tun 2011, bai shiga wannan ba. Iyakar butan da ke cikinsa tana wajen digiri 152, saboda haka allura ba za ta taɓa faɗin saura nawa ba sai a ƙarshe.

Awo da sikeli

Nauyi ne kaɗai zafi ba ya canjawa. A wuyan tukunya an buga nauyinta tana wofi. A cire regileta, a ɗora tukunyar kan sikeli irin na masu albasa, a debe wannan lamba. Ragowar ita ce iskar. Mai cikawa ma da sikeli ya kamata ya yi aiki. Tukunya ta tsaya a miƙe, a ɗaure, cikin inuwa, kuma duk wanda zai rubuta karatun allura ya rubuta zafin wurin da lokacin kusa da shi.