Barikin Amurkawa a Bakin Kogin Sebu

Kenitra gari ne a ƙasar Maroko, kimanin kilomita 40 arewa da Rabat, a bakin kogin Sebu. A zamanin mulkin Faransa sunansa Port Lyautey. Ranar 8 ga Nuwamba 1942 sojojin Amurka suka sauka a gaɓar teku kusa da shi, Faransawan da ke tsaron wurin suka tare su da wuta. Ranar 10 ga wata wani tsohon jirgin yaƙi mai suna Dallas ya kutsa cikin kogin, ya sauke sojoji, aka ƙwace filin jirgin sama. To, daga ranar nan baƙi suka sami masauki, ba su nannaɗe tabarmarsu ba sai bayan shekara 35.

Mai karatu zai zaci zaman irin wannan bariki kullum harbe-harbe ne. Ina! Yawancinsa jira ne. Aikin sojojin ruwan da ke wurin shi ne farautar jiragen Jamus masu tafiya a ƙarƙashin ruwa. Jirgin sama irin wanda ake kira Katalina yakan tashi tun da asuba, ya yi awa goma ko fiye yana shawagi, mutanen ciki sun zura wa ruwa ido, su komo ba su ga komai ba sai kumfa. Gobe ma haka. Makanikai kuwa suna ƙasa suna fama da inji, ga laka in damina ta sauka, ga sauron fadama. Wasiƙar gida ita ce babbar sallarsu.

Amma wani lokaci farautar takan yi kyau. A Fabrairun 1944 jiragen wannan bariki suka gano wani jirgin Jamus, U-761, a mashigin Jibralta, da wata na'ura mai jin ƙarfe ko yana cikin ruwa, aka taru aka hallaka shi. A watan Yuni na shekarar aka kawo wasu manyan balan-balan masu inji, waɗanda suka tsallako Tekun Atalantika da kansu. Sai aka raba aiki: Katalina da rana, balan-balan da dare.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne bakin ƙofar barikin. A shekarun nan Maroko tana cikin matsi. Sukari, shayi, yadi, sabulu, duk sai da takardar rabo, ga fari ya zo ya haɗu da yunwa a 1945, har mutanen ƙasar suka sa wa shekarar suna da sunan takardar nan. Can cikin waya kuwa ga abincin gwangwani, ga taba, ga cingam, ga barguna tuli. Duk wanda ya san kasuwa ya san abin da zai biyo baya: inda kaya ya yi yawa a gefe guda, yunwa tana ɗaya gefen, ko an kafa waya bakwai sai ya sami hanya. Soja ya ba da kwalin taba ya karɓi ƙwai ko jakar fata, kwalin kuma ya bi hannu uku kafin magariba. Magidanta suka sami aikin lebura, wanki, kuku, tuƙi. Mawaƙi Husaini Salawi har waƙa ya yi a kan zuwan Amurkawa da yadda ya sauya halin mutane, har yau ana jin ta a Maroko.

Da yaƙi ya ƙare a 1945 an rage mutane, amma gaba da Rasha ta sa aka sake faɗaɗa wurin a farkon shekarun 1950. Yanzu fa zaman ya zama na iyali. Soja ya zo da matarsa da 'ya'yansa, ga makaranta, ga asibiti, ga silima, ga kanti mai kayan Amurka zalla. Wato ƙaramin gari a cikin gari, mutum zai iya shekara biyu bai koyi gaisuwa da Larabci ba. Wannan a ganina ba zaman baƙunta ba ne, zaman kwana ne kawai.

Masu gida dai ba su manta ƙasarsu ce ba. Maroko ta sami 'yanci a 1956, garin ya koma sunansa Kenitra. A Disamban 1959 Shugaba Aisenhawa da Sarki Muhammadu na Biyar suka daidaita cewa Amurka za ta kwashe nata ya nata kafin ƙarshen 1963. Sojojin sama sun tafi, na ruwa kuwa suka ci gaba da zama a ƙarƙashin tutar Maroko, suna koyar da sojojin ƙasar. Daga wannan fili ne, ranar 16 ga Agusta 1972, wasu matuƙa 'yan Maroko suka tashi da jirage ƙirar Amurka suka buɗe wa jirgin Sarki Hassan na Biyu wuta a sama. Allah ya yi da sauran kwanansa, jirgin ya sauka a Rabat duk huji. Amurkawan suka ƙara shekara biyar, sa'an nan a 1977 suka miƙa makullai.