Abin Sha da Abokin Tafiyarsa a Birnin Zazzau

Kakata, Allah Ya jiƙanta, ba ta taɓa yarda a ajiye ƙwaryar fura kusa da akushin tuwo ba. A gidanmu na Anguwar Kwarbai, duk ranar da na nemi haɗa su, sai ta janye ludayin ta ce, "Haba maigidan, sarki biyu a gari ɗaya?" A lokacin na ɗauka rowa ce irin ta tsofaffi.

Sai da na girma, ina karatu a Samaru, na ci karo da wani littafi a ɗakin karatu na Kashim Ibrahim mai bayanin giyar inabi ta ƙasashen Turai. Ni Musulmi ne, ban taɓa kai ta baki ba. Abin da ya riƙe ni shi ne yadda mutanen suka ɗaure abin shansu da ƙasarsu. Tun 1716 mai mulkin Taskani a Italiya ya shata iyakar gonakin da za a kira giyarsu Chianti. Fotugal ta yi haka ga kwarin Douro a 1756, Faransa kuma ta kafa dokar kare sunan yanki a 1935. Sun kuma tsara wadda za ta raka kifi da wadda za ta raka jan nama. Ina karantawa ina jin muryar kakata. Ashe mu ma muna da irin wannan ilimi, rubutu ne kawai bai same shi ba.

Kafin jihadin da Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya fara a 1804, ana dafa giyar dawa a ƙasar Hausa, kuma littafin Kitabul Farƙi da ake dangantawa da Shehu ya zargi sarakunan lokacin da shan abin da suka ga dama, halal ko haram. Da Malam Musa ya ci Zazzau, Sarki Makau ya yi kudu zuwa Zuba, sai giya ta koma abin ɓoyo a birni, ta saura a fili a ƙauyukan Maguzawa. Turawa ma da suka zo ba su rushe wannan ba. Yarjejeniyar Burasel ta 1890 ta hana shigar da barasa mai ƙarfi yankunan da ba su saba da ita ba, aka kuma sa Arewa a ciki. Da dogo ya iso Zariya wajen 1911 aka kafa Sabon Gari, can bayan ganuwa, kwalba ta sami masauki. Wato mu ma an shata mana iyaka, sai dai ta Turai ta kare sunan giya ce, tamu kuwa ta tsare ta a waje.

A cikin ganuwa, gero da dawa suka ci gaba da zama kunu da fura, kowanne da lokacinsa da abokin tafiyarsa. Koko na safe ne, kuma da ƙosai yake tafiya, domin tsaminsa yana yanke maiƙon ƙosan. Kunun tsamiya na buɗa-baki ne, yana tayar da harshen da ya wuni a bushe. Tuwon dare da miyar kuka ba ya son kowa sai ruwan randa. Fura kuwa ta rana ce, bayan azahar, kuma ita kaɗai take zama, don ita kanta abinci ce. Dalilin kakata ke nan.

A kan fura ne ilimin ya fi zurfi. Kakata kan ɗanɗana nono ta faɗi ko na damina ne, lokacin da shanu ke cin ɗanyar ciyawa, ko na rani da aka ƙara wa garin ƙwallon kuka don ya yi kauri. Ta san matar Fulanin da kindirmonta bai taɓa ganin ruwa ba, ta kuma san wadda tsala take kawowa. Yajin fura ma ba ɗaya ba ne: citta da kanumfari da masoro da barkono, kowane gida da awonsa, har amarya takan zo da na gidansu a gane ta da shi. Zaƙi kuma daga zuma yake fitowa ko mazarƙwailar da ake dafawa da raken ƙasar Maƙarfi, kafin farin sukari ya mamaye kasuwa.

Ba kuma duk abin da aka gada ne alheri ba. A shekarun 1970, likitoci biyu a asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello, Davidson da Parry, sun nazarci yawan ciwon zuciya a tsakanin masu jego na Zariya, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a gadon ƙasa mai wuta. Abin da ke damuna shi ne, cikin duk abubuwan shanmu, wanda ya cutar ne ya sami wannan irin bincike.

A sunan da aka yi a gidanmu bara, na ƙirga abin da aka raba wa baƙi: waina, shinkafa, dambu, kowanne da lemon kwalba iri ɗaya a gefensa. Da yamma na sami gwaggona a tsakar gida, ita ce ta ƙarshe da ta koyi girki a hannun kakata. Na ce, "Gwaggo, yajin furar Iya, citta nawa ake sawa, kanumfari nawa?" Ta dubi biron da ke hannuna ta yi dariya, sannan ta buɗe tafinta ta lanƙwasa yatsu uku. Na rasa yadda zan rubuta, sai na zana hannun a takardar.