Kokawar bibbiyu ta Japan: fitattun karawa da labarin "Mahaukacin Sudan" da ba ɗan Sudan ba

Duk Bahaushen Gadarif ko na Khartum da ya ci karo da tsofaffin faya-fayan resilin na Japan a YouTube zai ji sunan ƙasarsa a inda bai zata ba. Mai shela zai ɗauki makirufo ya ce ga wani daga Sudan. Sai wani ƙaton mutum ya fito, kansa a aske, goshinsa duk tabo, takalminsa mai lanƙwasasshen baki, 'yan kallo suna darewa. Shi ne Abdullah the Butcher, wato Abdullahi Mahauci, wanda ake wa laƙabi da "Mahaukacin Sudan".

Sunansa na yanka Lawrence Shreve, an haife shi a 1941 a garin Windsor na lardin Ontario, ƙasar Kanada. Sudan ɗin ƙirƙira ce ta masu shirya wasa. Wannan aron asali kuwa ba a kansa aka fara ba. Da shi aka kafa harsashin kokawar bibbiyu a Japan, kuma sai da aka shafe shekara talatin da wani abu kafin wasan ya daina dogara a kansa.

Yadda ake yin ta

Wasan da 'yan Najeriya ke kira resilin, masu Faransanci ke ce wa "catch", Larabawan Sudan ke ce wa musara'a hurra, Japanawa sun raɗa masa "puroresu". Tsararren wasa ne: kamfani ke yanke wanda zai ci tun ba a shiga fage ba. Amma faɗuwar ta gaske ce, bugun ma a Japan yakan zama na gaske.

A kokawar bibbiyu kowane ɓangare mutum biyu ne, ɗaya a cikin dandali, ɗaya a tsaye bayan igiya a kusurwarsu. Na waje ba shi da izinin shiga sai na ciki ya tafa masa hannu. Ana ci idan aka danne kafaɗun abokin karo a ƙasa alƙalin wasa ya ƙirga uku, ko kuma wanda aka murɗe ya sallama. A kokawar gargajiya irin ta gasar Takobi da Nijar ke yi tun 1975, kaye ɗaya ya gama magana. A dambe ma, ko da yake akwai Kudu da Arewa da Guramada, kowa shi kaɗai yake shiga fili. A nan kuwa mutum zai sha kaye goma bai fita ba, kuma duk daɗin kallon yana cikin 'yar tazarar da ke tsakanin hannun wanda ake jibga da hannun abokinsa da ke miƙo masa daga bayan igiya.

1954: Rikidozan da Kimura da 'yan'uwan Sharpe

Ran 19 ga Fabrairun 1954, a zauren Kuramae Kokugikan na Tokyo, Rikidozan da gwanin judo Masahiko Kimura suka kara da Ben Sharpe da ƙanensa Mike, dogaye masu tsawon kusan mita biyu. Shekara tara ke nan da Japan ta sha kashi a yaƙin duniya na biyu, mamayar Amurka kuma ta ƙare ne a 1952. Talabijin bai fi shekara ɗaya da farawa a ƙasar ba, gidajen da ke da akwatin ba su da yawa, don haka aka kafa akwatuna a bakin titi. Ana cewa kusan mutum 20,000 ne suka taru a gaban tashar jirgin ƙasa ta Shimbashi.

Tsarin wasan mai sauƙi ne. Baƙi su tsare Kimura a kusurwarsu suna yi masa taron dangi, suna ha'inci a bayan idon alƙali, har sai ya samu ya tafa wa Rikidozan. Shi kuma ya shigo da sara da gefen hannu irin na karate, ƙattin su zube. Karawar farko ta ƙare canjaras bayan minti 61, amma mutane sun ga abin da suka zo gani.

Sai dai "Amurkawan" 'yan Kanada ne, daga Hamilton ta Ontario. Shi kuma gwarzon Japan ɗan Koriya ne, sunansa Kim Sin-rak, an haife shi a yankin da yanzu yake cikin Koriya ta Arewa. Ya zo Japan ya yi kokawar sumo, ya bar ta a 1950, kuma har ya mutu a Disambar 1963, kwana bakwai bayan an daɓa masa wuƙa a wani gidan rawa, jama'ar Japan ba su san asalinsa ba, don 'yan jarida sun rufe maganar. Hausawan Gadarif, waɗanda kakanninsu suka sauka a hanyar hajji suka kama noman dawa da riɗi, amma har yau wasu ke kiran jikokinsu Fallata kamar jiya suka iso, ba sai an yi musu dogon bayani a kan dalilin wannan ɓoyo ba.

Kimura bai ji daɗin zama jakin duka ba. Ran 22 ga Disambar 1954 aka haɗa shi da Rikidozan, wasan ya rikiɗe ya zama faɗa na gaske, aka bar Kimura a sume.

1977: cokali mai yatsu

Almajiran Rikidozan biyu, Giant Baba da Antonio Inoki, sun yi zamaninsu a matsayin abokan kusurwa daga 1967 zuwa 1971. A 1972 kowa ya kafa nasa kamfani, Inoki ya buɗe New Japan, Baba ya buɗe All Japan. Kamfanin Baba ne ya mai da kokawar bibbiyu babbar hajarsa.

Abdullah ya fara zuwa Japan a 1970. Ba ya magana a fage, ana nuna shi kamar mutumin da ba ya jin yaren kowa, jaridun ƙasar kuma suka sa masa suna "baƙin boka". Hoton Afirka ne irin na wanda bai taɓa zuwa ba, kuma ya sayu. A ƙarshen 1977 Baba ya haɗa shi da The Sheik, wani "Balaraben Siriya" da aka haifa a jihar Michigan ta Amurka, mai suna Ed Farhat, ɗan zuri'ar Labanan.

Ran 15 ga Disamba, a wasan ƙarshe na gasar bibbiyu ta wannan shekara, suka haɗu da Dory Funk Jr. da ƙanensa Terry, 'yan Texas. Abdullah ya zaro cokali mai yatsu ya dinga caka wa Terry a dantsen dama har jini ya wanke hannun. Aka janye Terry, Dory ya rage shi kaɗai a hannun mutum biyu. Can sai ga Terry ya dawo da hannu a naɗe, yana naushi da hagu. Alƙali ya ba 'yan'uwan Funk nasara saboda keta dokar da abokan karonsu suka yi.

Ta fuskar gwaninta karawar ba wani abin a-zo-a-gani ba ce, rikici ne da jini. Muhimmancinta shi ne babu ɗan Japan ko ɗaya a cikin masu karawar, amma zauren ya ɗauki ihun sunan Terry. Jama'ar da iyayensu suka taru a titi don ganin an kayar da Ba'amurke, ga su suna kuka saboda Ba'amurke, don kawai ya dawo ya ceci wansa. Daga 1978 gasar ta zama ta kowace shekara, ana yin ta a Nuwamba da Disamba har yau.

Abdullah ya sake shiga tarihi ran 26 ga Agustan 1979, lokacin da jaridar Tokyo Sports ta shawo kan Baba da Inoki suka haɗu na dare ɗaya a zauren Budokan, suka kara da shi da Tiger Jeet Singh. A 1981 New Japan ta zawarce shi, Baba ya rama ta hanyar ɗauke mata Stan Hansen. Yadda aka bayyana ramuwar ma a wasan bibbiyu ne: ran 13 ga Disamba Hansen ya rako Bruiser Brody da Jimmy Snuka, ya maka wa Terry Funk dantse a wuya a wajen dandali, 'yan'uwan Funk suka rasa kofin. Jinin da Abdullah ya yi sana'a da shi ya biyo shi a ƙarshe. A 2014 wata kotu a Ontario ta umarce shi ya biya diyyar sama da dala miliyan biyu ga wani ɗan wasa da ya ce ya yanke shi da reza ya sa masa ciwon hanta. An yi masa bikin ritaya a Tokyo ran 19 ga Fabrairun 2019.

Haɗuwar Japan da kokawar Sudan ta haƙiƙa ta zo ne ta wata hanya. A 2013 wani jami'in ofishin jakadancin Japan a Khartum, Yasuhiro Murotatsu, ya cire takalmi ya shiga filin kokawar Nuba na unguwar Haj Yusuf. A can babu wanda ke rubuta sakamako, kuma an kayar da shi sau da dama.

Shekarun 1990: gida da gida

Wajen 1990 Baba ya sauya dokar gidansa. Ya daina barin manyan karawa su ƙare da kora ko da rikici a wajen dandali, dole a ga wanda ya ci a fili. Wannan ya tilasta wa 'yan wasa su nemo wata hanyar riƙe 'yan kallo, kuma daga nan ne karawar da masana suka fi yabo suka fito.

Mai son farawa da abu mai sauƙin fahimta ya nemi ta 25 ga Mayun 1992 a Sendai: Kenta Kobashi da Tsuyoshi Kikuchi da Doug Furnas da Dan Kroffat. Kikuchi ɗan garin ne, shi ne mafi ƙanƙantar jiki, kuma shi aka yi ta wurgi da shi kamar buhun ƙaiƙayi. Tsohon tsarin 1954 ne sak.

Amma wadda ake yawan kira sarauniyarsu ita ce ta 9 ga Yunin 1995 a Budokan, Mitsuharu Misawa da Kobashi da ke riƙe da kambun duniya, da Toshiaki Kawada da Akira Taue. Duka huɗun 'yan Japan ne, kuma sai an san tarihinsu ake gane abin da ke faruwa. Kawada ƙanen Misawa ne a makarantar sakandare, aji ɗaya ke tsakaninsu. Ya yi shekaru yana tsaye a kusurwarsa, kullum a matsayin na biyu. A 1993 ya bar shi ya haɗa kai da Taue, wanda a da abokin gabarsa ne. Har zuwa wannan dare bai taɓa danne Misawa ba.

Misawa ya shigo da karayar ƙashin ido da ya samu a watan Afrilu daga shurin Kawada. Kobashi ya shigo da cinya a naɗe. Abokan karonsu ba su ɓoye niyyarsu ba: Kawada ya fara da shurar Misawa a fuska alhali yana tsaye bayan igiya, sannan suka koma kan ƙafar Kobashi, har Taue ya ɗaga Misawa ya maka shi a kan ƙafar abokinsa. Da aka doshi ƙarshe, Taue ya kama Misawa ta wuya ya jefo shi daga bakin dandali zuwa ƙasa. Kobashi, wanda ba ya iya tsayuwa, ya dinga jan jiki yana kwanciya a kan Misawa don bugun ya sauka a bayansa. Su janye shi, ya sake rarrafowa. A minti 42 da daƙiƙa 37 Kawada ya danne Misawa, alƙali ya ƙirga uku.

Babu makami a wannan wasa, babu baƙon da aka ara wa ƙasa. Akwai ƙane da ya gaji da zama a bayan wa, da yaro da ya ƙi barin maigidansa. Huɗun sun kara sau da yawa, ciki har da ta 3 ga Disambar 1993 da Kobashi ya danne Kawada, wadda ya kamata a kalla kafin ta 1995.

Ɓangaren mata ma yana da nasa. A tsakiyar shekarun 1980 Chigusa Nagayo da Lioness Asuka, da ake kira Crush Gals, sun cika zauruka da 'yan mata 'yan makaranta a karawarsu da ƙungiyar Dump Matsumoto. Ta fuskar sauri kuwa, haɗuwar Manami Toyota da Toshiyo Yamada da Dynamite Kansai da Mayumi Ozaki a 1992 da 1993 ta fi yawancin na maza.

Abin da salon ya ci

Tunda kowace karawa sai ta fi ta baya, kayen ya yi ta ƙara muni, har ya zama ana sauke mutum a kan wuya da ƙeya. Baba ya rasu a Janairun 1999. Shekara ɗaya bayan haka Misawa ya fice da yawancin 'yan wasan ya kafa kamfanin Noah, Kobashi da Taue suka bi shi, Kawada ya zauna. Misawa ya zama shugaban kamfani kuma babban tauraronsa, bai samu hutun da wuyansa ke bukata ba.

Ran 13 ga Yunin 2009, a Hiroshima, yana wasan bibbiyu tare da Go Shiozaki, suna karawa da Akitoshi Saito da Bison Smith. Saito ya ɗaga shi ta baya ya kayar, kaye irin wanda ya sha ba adadi. Bai tashi ba. An tabbatar da mutuwarsa a asibiti a daren, yana da shekara 46. Kobashi, wanda aka yi wa aiki a gwiwoyi sau da yawa kuma aka cire masa ƙoda ɗaya saboda ciwon daji a 2006, ya yi wasansa na ƙarshe a Budokan ran 11 ga Mayun 2013.