Daga Cikin Ganuwa Zuwa Awon Igiya

A Kanon da, magidanci ba ya zaɓen unguwa, gadonta yake yi. Sunayen ma sun isa shaida: Zangon Barebari, Tudun Nufawa, Ayagi ta Yarabawa, Soron Ɗinki. Asali ko sana'a ke ajiye mutum. Idan yaro ya isa aure sai a yanka masa sashe a gidan gado, ko mai unguwa ya nuna masa fili, domin ganuwar da aka soma tun zamanin Sarki Gijimasu ta kewaye har da gonaki da kududdufai. Baƙon da ya zo da raƙuma kuwa Fagge ce masaukinsa.

Neman inda haya ta fi sauƙi ya samo asali ne bayan Turawa sun ci birnin a 1903, layin dogo ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya jawo masu neman kuɗi. Aka ware Nasarawa ga Turawa, Sabon Gari ga mutanen kudu, baƙi 'yan Arewa suka cika Tudun Wada da Gwagwarwa. Da Kano ta zama hedikwatar jiha a 1967, masana'antun Bompai da Sharada da Challawa suka bunƙasa, sai gari ya tumbatsa. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna, amma samun fuloti mai takarda ya fi ƙarfin talaka. Manomin bakin gari, wanda ke tsoron a karɓe gonarsa a ba shi diyyar da ba ta taka kara ta karya ba, sai ya riga gwamnati: ya kira dillali, a ja igiya, a yayyanka, a sayar. Da wannan awon igiya ne yawancin Kurna da Rijiyar Lemo da Bachirawa da Ɗorayi da Rimin Kebe suka tashi.

Abin da tarihin ke nunawa shi ne arahar waɗannan unguwanni bashi ce da ake biya da kaɗan-kaɗan. Fili ya yi sauƙi ne saboda gwamnati ba ta iso ba, kuma duk abin da ba ta kawo ba aljihun maigida ne zai kawo shi: kurar ruwa daga mai garuwa, kuɗin makarantar kuɗi tunda ta gwamnati ta yi nisa ko ta cika, da na adaidaita sahu, wanda ya ƙara nauyi tun da aka hana acaɓa a 2013. Mai 'ya'ya biyar ya fi gwauro jin wannan, domin kuɗin haya ba ya ƙaruwa da haihuwa, amma ruwa da mota da makaranta kai suke ƙirgawa.

Wani zai ce ai Gyaɗi-Gyaɗi da Hotoro ma bakin gari ne a da, ga shi yau fili a can sai mai hannu da shuni, don haka mai haƙuri ya ci riba. Gaskiya ne, sai dai ribar ta mai fili ce. Ɗan haya, ranar da kwalta ta iso, ranar ake ƙara masa kuɗi ya sake matsawa gaba. Kuma ba kowace unguwa ce ke gyaruwa ba. Inda aka bar wa titi da magudanar ruwa da makaranta gurbi tun farko, jinkiri kawai ake yi. Inda dillali ya sayar da kowane taku, lungun da motar asibiti ba ta shiga haka zai zauna, sai dai in an yi rusau, kuma gidan da ba shi da takarda shi ne ya fi shan wuya wajen karɓar diyya.