Rahoton Shigi da Ficen Kuɗi a Manhajar Lissafi

Rahoton shigi da ficen kuɗi shi ne bayanin da manhajojin lissafi irin su QuickBooks da Zoho Books ke fitarwa domin nuna kuɗin da suka shiga hannun ɗan kasuwa da waɗanda suka fita a cikin wani ƙayyadadden lokaci. Ya sha bamban da rahoton riba da asara, wanda ke ƙirga ciniki tun ranar da kaya suka bar shago, ko da ba a biya ba.

A ɗauki misalin ɗan sarin hatsi a Bodinga da ya ba wani mai kiri a Shagari gero na naira 600,000 bashi, da ribar naira 60,000 a ciki. Rahoton riba zai yi masa albishir, amma wannan rahoton ba zai nuna ko kwabo ba sai an biya. Haka lamarin yake ga mai kantin da ma'aikatan ƙaramar hukuma ke ɗibar kaya a wurinsa sai an yi albashi.

Rahoton ya kasu uku. Kashi na farko, wanda ya fi cancantar a dube shi, na harkar yau da kullum ne: ciniki, sari, haya, ladan yaran shago. Idan ya nuna giɓi da kaka, lokacin da ake sayen hatsi ana ajiyewa, ba abin tashin hankali ba ne, jari ne ya koma buhuna. Idan kuwa giɓin ya ci gaba har cikin damina bayan an fitar da kaya, to bashi na cin uwar kuɗi. Na biyu na kadarori ne, kamar sayen injin niƙa ko babur. Na uku rance ne da ƙarin jari da abin da mai shago ya ɗiba wa kansa; nan ne muhallin kuɗin cefane, waɗanda da yawa ba sa rubutawa, sannan su zargi manhaja.

Rahoton na haɗa kuɗin banki da na aljihu a matsayin abu ɗaya. A farkon 2023, bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000, manoma da dama a kasuwannin ƙauye sun ƙi karɓar taransifa, mai miliyan a asusu ya kasa sayen buhu guda. Don haka mai sari a ƙauye ya buɗe wa tsabar kuɗi asusu daban a manhajar.