Dakta Bala Usman, Malamin da Ya Koya wa Ɗalibai Tuhumar Hujja

Ranar 24 ga Satumba, 2005, labari ya karaɗe Samarun Zariya cewa Allah Ya yi wa Dakta Yusufu Bala Usman rasuwa yana da shekara 60. Har yau in aka ce "Dakta Bala" a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ba a buƙatar ƙarin bayani.

A Musawa aka haife shi a 1945, kuma jikan Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ne. Bayan ya yi digiri a Jami'ar Lankasta ta Ingila, ya koyar a Kwalejin Barewa, sannan ya koma Sashen Tarihi na jami'ar Zariya. A nan ya kammala digirin dakta a 1974 a hannun Farfesa Abdullahi Smith, Baturen nan da ya musulunta, wanda ya kafa Gidan Arewa a Kaduna.

Abin da ɗalibansa suka fi riƙewa shi ne yadda yake titsiye hujja. A wancan zamani, duk abin da Heinrich Barth, Bajamushen da aka sani da Abdulkarim, ya rubuta bayan shigarsa Katsina a 1851, ɗauka ake kamar yankan wuƙa. Dakta Bala ya zauna ya bi rubutun dalla-dalla. Wa ya ɗauki nauyin tafiyar? Gwamnatin Ingila. Wa ya ba shi labari, me ya gani da idonsa, me ya ji a bakin wasu? Irin tambayoyin da yake jefa wa ɗalibi ke nan, ko takardar Bature ya kawo, ko labarin wani dattijon ƙauye.

Da wannan awo ya auna jihadin 1804. A littafinsa kan sauye-sauyen ƙasar Katsina daga 1400 zuwa 1883, wanda ya fito a 1981, ya ƙi yarda a taƙaita al'amarin da cewa faɗa ne tsakanin Haɓe da Fulani. Ya duba garuruwa, sana'o'i, fatauci da tsarin sarauta.

Bai tsaya a aji ba. Shi da Dakta Segun Osoba suka rubuta rahoton marasa rinjaye a kwamitin tsara kundin mulki a 1976. Ya riƙe Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna a zamanin Balarabe Musa na PRP, a 1987 kuma ya wallafa littafi kan yadda masu mulki ke fakewa da addini don biyan buƙatunsu.

Bayan rasuwarsa, almajiransa irin su Farfesa Alkasum Abba suka ci gaba da riƙe cibiyar bincike ta CEDDERT da ke Hanwa a Zariya. A 2006 aka tattara maƙalunsa na tarihi aka buga a littafi guda mai suna Beyond Fairy Tales, ciki har da nazarin nan na Barth a Katsina.