Ƙiba da kumburi ga yara ƙanana: abin da iyaye ya kamata su sani

A ƙauyukanmu na Magarya da Dungas, idan yaro ya yi ɓul-ɓul sai a ce uwarsa ta iya reno. Ba abin mamaki ba ne, don mun san tamowa. Tun shekarar 2005 ƙungiyar likitoci ta MSF take kula da yara masu tamowa a Magarya, kuma a daminar 2018 an kai lokacin da ake rasa yara kusan 10 a kowace rana a asibitin garin. To amma jama'a, ba duk cikar jiki ce lafiya ba. Akwai kumburi, akwai kuma ƙibar da ta wuce kima.

Kumburi

Wannan tamowa ce mai tsanani, ruwa ne ke taruwa a jiki. Uwa za ta iya ganewa da kanta: ta danna babban yatsa a bayan ƙafafun yaro duka biyu, ta ƙirga uku, ta ɗaga. Idan wurin ya lotsa bai koma ba, a kai shi likita ranar, kar a jira gobe. Haka ma zaren awon dantse na yara daga wata 6 zuwa wata 59: ja, wato ƙasa da milimita 115, haɗari ne; rawaya gargaɗi; kore alama ce mai kyau. A gundumar Mirya an koya wa uwaye wannan awo, aka kuma ga sun iya shi sosai.

Ƙiba

Ita kuwa kitse ne ya yi yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 yara miliyan 37 ƴan ƙasa da shekara 5 nauyinsu ya wuce kima, kuma adadin yana ƙaruwa a Afirka. Yaron da ya taso da ƙiba ya fi fuskantar ciwon suga da hawan jini idan ya girma. Zaren dantse ba don gano ƙiba aka yi shi ba. Sai an auna nauyi da tsawo a wurin awon yara.

Maganin yana hannun iyaye

Ƙaramin yaro ba ya zuwa kasuwa, ba ya ɗora tukunya. Shi ya sa masana ke cewa a fara da iyaye, gida duka ya canza tare. Ba a hana yaro abinci, ba a yi mashi gori. Ga abin da ake so:

Nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa har shekara 2 tare da abinci.

Kunun gero a haɗa shi da garin ƙuli-ƙuli ko wake, a ƙara zogale, ƙwai ko nono idan da hali.

Kar a sa wa ɗan ƙasa da shekara 2 sukari. A rage alawa, biskit da lemun kwalba.

Idan yaro ya kau da kai ya ƙoshi, kar a yi mashi ɗura.

Ɗan shekara 1 zuwa 4 ya samu aƙalla awa 3 na wasa da motsi a yini, kar a rarrashe shi da waya.

Plumpy'Nut magani ne na mai tamowa, ba a raba shi da ƴan'uwansa masu lafiya.

Uwa kaɗai ba za ta iya ba. Maigida ne ke cefane, kaka ce ke miƙa alawa, don haka kowa da nashi aiki. Ku kuma ƴan'uwa da ke Kano, Legas, Agadas, Libiya ko Aljeriya, idan za ku aiko da saƙo, ku ce a sayi wake, gyaɗa da ƙwai, ku kuma tambaya: yaushe rabon a kai yaron awo?